Faɗa Mata a Gabanta

Ku 'ya'yan yanzu, uwa ta kira ku a waya ku kife wayar, sannan ku wanke ƙafa ku je ofishin baƙo kuna zazzage masa cikinku. To, ku saurara.

Auta ma'aikacin banki ne, mai takalmi kamar madubi. Wata huɗu ke nan abinci ba ya wuce masa wuya, aiki ya fara gagararsa, har manaja ya ce ko ya je wurin mai ba da shawara ko ya bar aiki.

Ya je, amma da faɗa. Sati uku yana zaune gaban mai ba da shawarar, wata mata, yana kaɗa mukullin mota, maganarsa ɗaya: mahaifiyarsa ce ta jawo komai.

"Ke dai rubuta laifinta ne, in tafi," in ji shi.

"Ni ba alƙali ba ce," in ji matar. "Sati mai zuwa za ka faɗa mata a gabanta."

Ranar ya shigo da leda a hannu, fuska a murtuke. Mai shawara ta ja kujera ta biyu tsakiyar ɗaki, ta gyara komai, ta koma bakin taga da littafinta.

"Ga Mama nan. Ni ba na ciki."

Auta ya dubi mayafin nan ruwan ƙasa, wanda ya sani tun ana goya shi, bakinsa duk ya zare. Ransa ya ɓaci.

"Da wannan tsumman kika zo mini banki, Mama! Da silifa ɗaure da waya, da kwanon abinci a ka, kina ƙwala mini Auta, Auta, gaban manya. Wa ya aike ki?"

Fanka kawai ke juyi.

"Eh, na ce wa mai gadi ke mai wankinmu ce, ya fitar da ke. To me? Kin san shekara nawa na yi kafin a fara tashi tsaye in na shigo?"

Bai samu ko tari ba. Wannan uwar da a da ko cokali ya yar sai unguwa ta ji muryarta.

Ya miƙe ya buga tebur, ruwan kofi ya fantsama.

"Sai kira, sai kira! Goma sha ɗaya a yini guda! Yaya ma ta kira, na kashe wayar. Ina taro ne. Mutum ba zai yi taro ba?"

Mai shawara ta ɗaga kai ta dubi agogo, ta mayar.

"Yi magana mana! Zage ni! Ce mini ɗan banza, kamar yadda kika saba!"

Mai takalmin madubi sai ga shi gwiwa biyu a kan siminti, ya kama gefen mayafin da hannu biyu.

"Mama, kalma ɗaya. Ce kin yafe. Wallahi zan kai ki bankin da kaina, in ce wa kowa ga wadda ta haife ni."

Ya jira. Ya ƙara jira. Wanda ya ƙi jin bari, ai ya ji hoho.

"Lokacinmu ya cika," in ji mai shawara a hankali.

Ta taso, ta zare mayafin daga jikin kujerar da babu kowa a kai, ta ninke, ta mayar masa cikin ledar da ya kawo shi a ciki, don mai mayafin wata huɗu ke nan tana kabari, tun yinin da ta kira shi sau goma sha ɗaya daga gadon asibiti.