Muryar Salahu Mai Kilishi

Karo na uku ke nan Nadia tana sallama a ƙofar gidan, kuma karo na uku Haulatu ta ƙi shimfiɗa mata tabarma.

Nadia ma'aikaciya ce a wani ofishi da ke tallafa wa ƙananan 'yan kasuwa da basirar na'ura. Bara su suka bi Zongo lungu-lungu suna roƙon mutane su karɓa, kyauta. Salahu mai kilishi, mijin Haulatu, shi ya fara miƙa wuya, don Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba, yaren Ewe kuwa ko oho. Aka zaunar da shi ya yi ta surutu har na'ura ta kwashe muryarsa tsaf, har da 'yar dariyar da yake yi kafin ya ce "to madalla". Daga nan duk wanda ya kira lambar shago, Salahu ke amsa masa da yaren da yake ji, alhali Salahun gaske yana can yana shafa wa nama ƙuli. Ciniki ya buɗe har unguwar Totsi, ranar wasan ƙwallo a filin Kégué kuwa masu babur da ke kai kilishi ba sa hutawa.

Yanzu ga su da sabuwar ƙa'ida. Wai murya ta mai ita ce, dole ya zo da ƙafarsa ya sabunta yarda, in ba haka ba a goge ta. Ba mata, ba ƙane, ba wakili. Halin mutanen ofis ke nan: su ba ka da hannun dama, su dawo da takarda a hagu.

"Tanti, don kare shi aka yi," in ji Nadia. Ita a unguwar Agbalépédo ta tashi, ba a Zongo ba, Hausarta ta kasuwa ce. "Wasu suna satar muryar mutane suna cuta da ita. Minti biyar kawai, ya zo biro, ofishinmu."

"Ba zai zo ba."

Haulatu na tsaye daga cikin zaure, ko bakin ƙofa ba ta taka ba. Tsohon zane ne a jikinta, ba kwalli, ba ɗan kunne. Nadia ta dube ta, ta ce a ranta matan Zongo dai in suna gida ba ruwansu da ado.

Ta riga ta je shago sau biyu. Buraima ƙanen Salahu ta tarar yana yanka nama, da ta tambayi yayansa sai ya ƙara sunkuyar da kai kan wuƙa. Maƙwabta ma kowa ya kama bakinsa, don Haulatu ta aika musu cewa duk wanda ya ce wa 'yar ofis uffan, ita da shi har abada.

"Ai ba za ku yi asara ba," Nadia ta ci gaba. "Za mu sa muku wata murya, ta fi wannan iya Faransanci ma."

Nan ran Haulatu ya ƙarasa ɓaci. "Wata murya? Yarinya, da kuka zo kuna lallashinsa, kun ce masa aro ne? Ku da kuka zauna cikin sanyi kuka rubuta dokarku, wa kuka tambaya a unguwar nan? Wanda bai san zafin wuta ba shi ke cewa a ƙara itace. Ku bar mini abina."

Nadia ta shafa fuskar wayarta. "Gaskiya, Tanti, masu saye sun fi kiran Buraima yanzu. Layin nan kusan lamba ɗaya ce ke kiransa kullum, kuma ba ta sayen komai."

"Ina ruwanki da wanda ke kira?"

"Juma'a za a rufe, in bai zo ba."

Haulatu ta maida ƙyaure da ƙarfi har ƙasa ta zubo daga bango. Ta ratsa tsakar gida ta wuce babur ɗin Salahu da aka lulluɓe da buhu. Haushin Nadia take ji, da na ofis, da na Salahu kansa wanda ya kwaso mata wannan fitina. Ta shiga ɗaki ta zauna bakin gado, ta danna lambar shago.

"Salamu alaikum, Salahu mai kilishi ne. Me za a kawo?"

"Ka ji abin da ka jawo mini," ta ce. "Juma'a suka ce."

Ya yi 'yar dariyar nan tasa. "To madalla. Mai yaji ko marar yaji?"

Ta manna wayar a kunne ta bar shi yana ta maimaita tambayar, don takabarta ma ba ta kai rabi ba, ga shi ranar Juma'a za su sake binne mata shi.