Darma a Jinin Sumayya

Hasiya ungozoma ce ta fara ba ni labarin nan, muna zaune tashar Agiye muna jiran mota ta cika.

Mariyama matar Iro masunci ce, a wani ƙauye kusa da Gidan Rumji, inda gulbi ke barin tabki bayan damina. Aikinta bandar kifi tun tana amarya. A sama da garin wasu samari suka kafa sana'ar fasa tsofaffin batura, suna narka darmar ciki, suna wanke dattin a gulbi. Wata shekara mutanen lafiya suka zo, suka ɗebi laka da tarwaɗa suka tafi. Da suka dawo suka tara gari suka ce darma ta kwanta cikin laka, tarwaɗa kuma laka take kiwo. Kada a ba yara, kada mai ciki ta ci.

Mariyama ta ji, ta kuma riƙe. Kifin tabkin bai sake shiga tukunyarta ba. Ta aika wa ɗiyarta Mansura, wadda ke aure can Gangara, cewa daga yau babu tsarabar kifi daga gida, ko ta yi kuka. Iro dai bai bar jefa koma a tabkin ba, don gero ba ya kai su bazara, ita kuma tana bandar abin da ya kamo. Rabo ɗan kasuwa kan zo da babur ya ɗaure kwalin banda ya yi gaba. Ita ba ta tambayar inda yake kai shi, shi ba ya faɗa.

Ana haka Mansura ta iso da rana tsaka, goye da ɗiyarta Sumayya, mijinta Lurwanu na biye. Yarinyar da ke cika gida da surutu ta yi shiru. Ciki na murɗa ta, jiki na fizga, ido ya kafe. An kai ta likita a Maraɗi, an ɗebi jini, an ce darma ce.

Mariyama ta dubi surukinta. Kowa ya san sana'arsa: cajin waya, ɗaki cike da batura. Matar da ba ta taɓa haɗa ido da shi ba ta ajiye kunyar surukai gefe.

"Kai ka kashe min jika! Ni nan na hana kaina, na hana gidana, kai ka kwantar da ita cikin guba!"

"Inna, shagona kasuwa yake. Ba ta taɓa shiga ba."

"Rufe min baki!"

Ya sunkuyar da kai ya fita. Ta rantse Mansura ba za ta koma Gangara ba, ko igiyar auren za ta tsinke. Ta karɓi yarinyar ta rungume, tana shafa mata kai, tana kiran ta kishiyata ko za ta yi dariya yadda ta saba. Sumayya ba ta gane ta ba.

Washegari da safe Mariyama ta kwance ƙunshin kayan ɗiyarta don ta wanke wa yarinyar riguna. A ƙasa ta tarar da leda, ciki banda guda uku.

"Ke! Ba na hana ki ba?"

"Ba na gida ba ne, Inna. Kasuwar Gangara nake saye, mai shi ya ce daga Diffa ake kawo mashi. Shi take ci tun da na yaye ta."

Mariyama ta juya kifin a hannunta. An lanƙwasa shi, an soke wutsiya da ƙayar aduwa biyu a gicciye.

"Cikin tarin duka irin wannan nake zaɓa," in ji Mansura. "Ban taɓa ganin mai soke kifi haka ba sai ke. In na gan shi sai in ji kamar ke kika aiko mata."