Matar da Ke Jikin Allo

Saura minti arba'in a yaye ƙyallen da ya rufe allon, amma har yanzu Anti Sanarwa ba ta samo matar ba.

Allon na tsaye a bakin babbar ƙofar jami'a, tsayinsa ya kai bene. Wata shida ofishinta na yaɗa labarai ya kwashe a kansa. Sabon tambari, littafi buɗe a bakin ƙofa. Sabon launi, kore da ruwan zinare. Sai kalmomin da kwamiti ya yi zama goma sha ɗaya kafin ya haifo su: Gaskiya, Adalci, Ƙofa Buɗe ga Kowa. A tsakiya kuwa fuskar wata mata ce mai kamar shekara arba'in, cikin riga da hular kammala karatu, tana dariya har wushiryarta ta fito. Wata igiya rawaya ta ɗan leƙo a wuyanta. Mai zane ya ce ta lambar yabo ce, har ya ƙara mata haske.

Anti da kanta ta tsamo hoton cikin guda dubu biyu na bikin yaye ɗalibai na bara. Ita ta rubuta a ƙasansa: "Ɗalibarmu, shaidarmu." Makon jiya Shugaban jami'a ya gani, ya kishingiɗa a kujera, ya saki muryar nan tasa ta jawabi, wadda ko ruwan sha zai nema da ita yake nema.

"Wannan baiwar Allah ita ce mu. A gefena za ta tsaya, ita za ta ja igiyar ƙyallen. Kin dai san ta ko?"

"Farin sani, ranka ya daɗe," in ji Anti. A lokacin tana hango takardar tabbatar da ita a muƙaminta kan teburinsa, ba a sa mata hannu ba. Baki shi ke yanka wuya.

Kwana shida tana bulayi. Mai hoto ya sosa ƙeya ya ce, "Anti, ni fa in na ga hula dannawa kawai nake yi. A bayan zaure dai na ɗauke ta." Akawun rajista ya lashi yatsa ya bi fayil ɗaya bayan ɗaya, sashe bayan sashe, sannan ya dube ta ta saman tabarau, ya ce ta hanci, "Babu ita. Ko dai aljana kuka ɗauko mana?"

Yau tun safe ƙafarta ba ta huta ba. A kan matakala ta yi karo da telar jami'a, rungume da rigunan manya, takunkumi a fuska saboda ƙurar sito. "Sannu, Anti," in ji telar. Anti ko waiwaye ba ta yi ba.

Saura minti ashirin mataimakinta ya ja ta gefe, yana raɗa kamar mai sayar da kayan sata.

"Ga yayar matata can a mota. Tsararta ce. A ɗora mata hula, a zura mata riga, wa zai ɗaga kai ya gwada fuska?"

"Wushiryar fa?"

"Sai ta kame bakinta. Dole ne sai an yi dariya?"

Anti ta leƙa ta taga. 'Yan jarida sun kafa na'urorinsu, ɗalibai sun cika fili, iska na ɗaga gefen ƙyallen tana sakewa. Duk ɗagawa kalma ɗaya ke leƙowa, ta farkon: Gaskiya. Ta juyo wajen mataimakin.

"Ka mai da yayarku gida," ta ce.

A ɗakin shiri ta iske Shugaba tsaye kan ɗan benci, ya baje hannuwa kamar ungulu na shan hantsi. Telar na durƙushe a ƙafafunsa, kai a sunkuye, takunkumi a haɓa, allurai jere a leɓe, tana kama masa bakin riga.

Anti ta faɗi komai, ba ta rage ba. Ba ta san matar ba. Ba ta taɓa saninta ba. Rajista ma ba ta san ta ba.

Shugaba bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tayar mata da hankali ke nan.

"Ƙarya kika yi mini, a ƙarƙashin kalmar Gaskiya?"

"Na yi, ranka ya daɗe."

"Na faɗa wa 'yan jarida. Na faɗa wa majalisa. Yanzu saura minti biyar." Ya dubi agogo. "Ko ki ajiye mini matar nan a gabana, ko ki ajiye mukullin ofis. Ina aka taɓa jin jami'a ta ɓatar da ɗalibarta?"

Anti ta zura hannu a jaka. Yatsunta suka taɓo mukullin, sanyi ƙalau.

"Ba ɗaliba ba ce, ranka ya daɗe."

Daga ƙasa muryar ta fito. Telar na zare allurai daga leɓenta ɗaya bayan ɗaya, tana soke su a hannun rigarta.

"Tsawon rigar take gwadawa ranar, mai hoto ya ce ta yi dariya. Ƙofar nan kuwa sau uku tana ƙwanƙwasawa, ana ce mata babu gurbi."

Ta miƙe, ta rataya tef ɗin awonta rawaya a wuya, ta yi musu murmushi har wushiryarta ta fito.