Takarda Ɗaya da Sa Hannun Shugaba

"Ni ban san komai ba," in ji shugaban kamfaninmu, Herr Lindemann, a gaban alƙali. "Injiniyoyi ne suka koya wa motocin ɓoye hayaƙi lokacin gwaji."

Ni ce injiniyar. Shekara tara da baki yake ba ni umarni, ko a bayan ambulan bai taɓa rubutawa ba.

Alƙali ya dube ni. "Frau Oberle, kina da shaida?"

"Takarda ɗaya ce, ranka ya daɗe."

A kamfaninmu ko ƙusa ba a kwancewa a mota sai da sa hannu. Alƙali ya karanta a fili:

"A gyara motata kaɗai, ta daina fitar da hayaƙin nan a titi. Jikata na da asma. Lindemann."