Ɗumin Amfilifayar Baba

Lachlan na shiga falo ya tarar da tsohuwar amfilifayar marigayi babansa, na'urar ƙara sautin kiɗa, a kunne. Mahaifiyarsa ta jingina mata jakar ulu, da marayan ɗan kangaru a ciki yana shan ɗumi.

Ya daka mata tsawa. "Mama, abin da Baba ke gogewa kullum kika mayar murhun dabba?"

"Ka taɓa jin kiɗa ya fito daga cikinta?"

Ya juya ya kalli amfilifayar.

"Bakwaini aka haife ka, cikin sanyin Yuli, tsakiyar hunturun ƙasar nan, ga hitar ɗumama ɗaki ta mutu. Babanka ya cire lasifikokin don kada ka farka, ya kunna amfilifayar, ya ajiye kwandonka gefenta kana shan ɗumi har muryarta ta ƙone."

Lachlan ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi.

Ta shafa jakar ulun, ta ce, "Rage murya, ƙaninka na barci."