Ƙwarya Biyu a Ƙofar Masauki

Malam, tunda an ɗora maka horar da sababbin ma'aikata, har kana cewa gasa za ka haɗa musu, to gyara zama ka ji. Wani mai masauki a bakin babbar hanya ya ɗauki mutum goma, alhali gurbin biyar gare shi. Ya raba su gida biyu, masu jar riga ya ba su ɗakunan gabas, masu koriyar riga na yamma, ya ce wata guda za a yi ana gwadawa. Ya ajiye rufaffun ƙore biyu a bakin ƙofa, duk baƙon da zai tafi a ba shi ƙwallon dabino ya jefa a ƙwaryar waɗanda suka kyauta masa. Ɓangaren da ya ci ya zauna, ɗayan kuwa kowa ya kama gabansa. Ai kuwa sai aka shiga rige-rige. Jajayen nan wajen aiki ba dama, ga shara, ga goge-goge, ga gaisuwa har da rusunawa, amma fa iyakar gabas. In baƙon yamma ya tare ɗayansu yana neman buta, sai ya ce ba ɓangarensa ba ne, ya wuce abinsa. Har guga suke ɓoyewa, wai su dabara.

A cikin koraye akwai wata mata mai 'ya'ya uku, mijinta na kwance ba lafiya, aikin nan kaɗai ta sa wa rai. Ita kam ba ta iya ganin baƙo tsaye ta wuce, ko na wane ɓangare ne. Ta kai wa na gabas ruwan wanka, ta nemo wa mai goyo inuwa, ta nuna wa tsoho alƙibla. 'Yan ɓangarenta suka yi ta mita, wai tana yi wa abokan hamayya noma, ita za ta ja musu kora. Abin ya dame ta ƙwarai, har kuka ta yi a bayan kicin, amma washegari da wani ya kira, ƙafarta ta sake kai ta. Ranar da aka buɗe ƙoren, ta koraye ta fi ta jajaye nesa ba kusa ba. Jajaye suka ce atafau maguɗi ne, ai baƙin gabas sun fi yawa. Wani direban tirela da ya saba sauka a gabas yana gefe yana shan shayi, ya yi dariya ya ce, "Ni ban san gabas da yamma ba. Ran da ciki ya murɗe ni, mai koriyar riga ce ta jiƙa min kanwa." Mai masauki ya riƙe koraye, ya ɗora matar a kansu. Masu mitar nan kuwa, wallahi su suka fara rangaɗa guɗa.

Don haka Hausawa suka ce, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.