Koren Fenti

Tana cikin ba tsohuwar Baturiyar da take jinya magani, a unguwar Abbey Wood, aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Yaran Halloween ne, miƙa musu alewa," in ji tsohuwar.

Ta miƙe tana istigfari. Don gudun wannan biki na matsafa, da yara ke yin shigar mayu suna bin gidaje neman alewa, ta kai 'yarta gidan aminiyarta tun da safe, aminiyar kuwa ta dafa ƙirji ta ce, "Haba Yaya, a gidana? Karatun Alƙur'ani za su yi."

Ta buɗe ƙofa. Aminiyar ce tsaye, dariyar fuskarta ta ɗauke. A gabanta wata ƙaramar mayya ta ɗago fuska, an shafe ta da koren fenti.

"Mummy," ta raɗa, "Anti ta ce kar in gaya miki."